Gurbin Yatsa na Shida

Ranar da Baba Cindo ya ce in zo mu zaɓi kayan aiki,
na sa riga mai guga, kamar mai zuwa ɗaurin aure.
Muka bi ta Kusfa, muka ratsa kasuwa,
shi a gaba, yana jan ƙafar da sanyi ya kama,
ni a baya, da kuɗin kekena da na sayar.

A wani shago na hango basilla 'yar kanti,
ƙotarta ja, ta roba, tana sheƙi cikin leda.
Na miƙa hannu. Ya buge shi.
"Wannan ta ratayewa ce," in ji shi,
"fata ba ta tsoron ƙyalli."

Sai maƙerar Jatau, bayan masu tukwane.
Aka zube mana ƙarafa a kan buhu,
baƙaƙe, munana, da ɗumin wuta a jikinsu.
Baba ya gwada aska a gashin hannunsa:
"In ta yi gardama da gashi,
me za ta ce wa ƙirgi?"
Muka ɗauki aska, da almakashi mai tsatsa a kunne,
da dutsen washi da ya yi kama da guntun sabulu.
Basilla tara ya murza a tafinsa,
ya kara tsinin kowace a farce,
ya mayar da su duka.
Na ce, "Basillar fa?"
Ya ce, "Mu je gida."

A zaure ya kwance wani tsumma,
ya miƙo mini tasa.

Kwana tara na yi a kan alabe ɗaya.
Fatar jar akuya, warin bagaruwa bai gama barinta ba,
na rina da karan dafi, na zagaye baki da kuloko.
Sau uku na soke yatsa;
jinin ya shige cikin jan,
har ni ban san inda yake ba.

Juma'a bayan la'asar, dukawa kan taru
ƙarƙashin durumin nan na Kwarbai,
kowa da abin da ya ɗinka a mako.
Sambo ya zo da gafaka mai adon korino,
Barau da kuben wuƙa, Dikko da fade
wanda wani malamin Samaru ya ba shi aiki.
Nawa ya riƙa yawo hannu zuwa hannu,
ba wanda ya ce uffan,
har ya isa ga Malam Mati, da yana ta rufe wa ido.

Ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, a hankali,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
"Nan ka yi sauri.
Nan ka yi fushi.
Nan kuma wata ta wuce ƙofar zaure, ka ɗaga kai."
Aka fashe da dariya, na so ƙasa ta tsage.
"Amma nan," ya tsaya,
"taƙi guda, ka manta da kanka.
Ka riƙe wannan taƙin. Sauran duk koyo ne."

Alaben yana wurin Gwaggo Lantana har yau,
a Tudun Wada, tana zuba canjin daddawa.
Ya yi baƙi, ya ɗauki warin sana'arta,
ɗinkin fushin ne ya fara kwancewa.

Baba ya rasu damina goma sha ɗaya da suka wuce.
Yanzu akwatina cike yake da ƙarafa,
har da 'yar kantin nan, na saya don ƙwaɗayi,
tana can a ƙusa, a rataye.

Tasa nake ɗauka.
Ƙotar ƙirya ce, gumi ya cinye ta,
hannunsa ya bar gurabe shida a jikinta.
Nawa yatsun biyar ne.
Kullum akwai ɗan rami guda da ban cike ba,
can gefe, inda kakin zuma ke taruwa.

Yaron da ke koyo a wurina, Ɗanlami,
ya ce in ba shi ya kankare ta, ta yi sumul.

Na buge hannunsa.